Yadda Ake Sa Wake, Gyaɗa da Waken Suya Su Ƙera Takinsu da Kansu

Idan ka tono tushen wake mai wata ɗaya da rabi, ka wanke saiwar a cikin bokiti, za ka ga wasu 'yan ƙuraje maƙale da ita, daga masu girman ƙwayar gero har masu girman ƙwayar dawa. Ba cuta ba ce. Cikin kowane ƙurji akwai ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiya, waɗanda ke kamo sinadarin naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa su mayar da shi abincin shuka. Shi ne sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya, alhali kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Masara da dawa da gero ba su da hanyar cin sa daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya da gurjiya suna da ita, amma sai an cika musu wasu sharuɗɗa.

Akwai abokin hulɗa na biyu wanda ido ba ya gani, wato wata irin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, masana na ce mata maikoriza. Tana shiga cikin saiwa, sannan ta miƙa zarurruka da suka fi gashi siranta zuwa cikin ƙasa, ta janyo fosfaras da zinki da ruwa daga lungunan da saiwa ba ta kaiwa. Fosfaras ba ya yawo a ƙasa kamar yadda naitirojin ke yi. Da zarar saiwa ta cinye na kusa da ita, tazarar 'yan milimitoci, shi ke nan sai ta zauna jira. Zaren fumfunar ne ke ƙetare wannan tazara. Ladan da shuka ke biyan su duka biyun shi ne sukarin da ganye ya dafa da hasken rana.

Aikin ɗaya ya rataya ne a kan ɗayan. Kamo naitirojin daga iska aiki ne mai cin ƙarfi sosai, kuma ƙarfin ba ya samuwa sai da fosfaras. Gonar da babu fosfaras, ko an zuba mata rizobiya mafi kyau, ƙurajen za su fito ƙanana, 'yan kaɗan, ba su da amfani. Akasarin ƙasashenmu na jigawa, daga Zariya har Maraɗi da Damagaram, fosfaras ɗinsu kaɗan ne. Nan ne yawancin matsalar take.

Wace shuka ce ke buƙatar a sa mata rizobiya?

Wake da gyaɗa da gurjiya sun daɗe a ƙasarmu, kuma irin rizobiyar da ke tafiya da su tana nan cikin yawancin gonaki. Sau da yawa ba sai an saya musu ba, sai dai a gonar da ta yi shekaru ba ta ga danginsu ba, ko wadda zaizaya ta kwashe samanta.

Waken suya baƙo ne daga gabashin Asiya, kuma yana da zaɓe. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da irin da sunansu ya fara da TGx, kamar TGx 1448-2E da TGx 1835-10E, waɗanda ke iya haɗa kai da rizobiyar gida. Duk da haka, ko su ɗin sukan fi yin kyau idan an shafa musu tasu, musamman a gonar da ba a taɓa shuka waken suya ba. Garin rizobiya da ake sayarwa don wannan aiki baƙi ne, mai ɗan laima, a cikin leda. NoduMax da IITA ke yi na waken suya ne. A duba jikin ledar kafin a biya kuɗi: na waken suya ba lalle ya yi wa gyaɗa aiki ba, haka na gyaɗa a kan waken suya.

Saye da ajiya

Abin da ke cikin ledar nan rayayye ne, kuma zafi na kashe shi. Ledar da ta kwana uku a kan teburin mai shago rana na dukanta, ko aka jefa ta gaban mota a watan Afrilu, gari ne kawai ya rage. A duba ranar da zai daina aiki, wadda yawanci ba ta wuce wata shida daga ranar da aka yi shi. A tabbatar ledar ba ta huje ba, garin kuma bai bushe ƙayau ba. A gida a ajiye a firji, ɓangaren ƙasa, ban da wurin ƙanƙara. Wanda ba shi da firji ya sa a cikin tukunyar ƙasa a ɗaki mai sanyi, kusa da randa. Ba a buɗe leda sai ranar shuka, kuma wadda aka buɗe a ƙarar da ita ran nan.

Shafa wa iri: kaya da awo

Lissafin nan na kilo 10 ne na irin waken suya. Tiya ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka gara a ɗora a sikeli. Ana buƙatar garin rizobiya giram 100, wato giram 10 ga kowane kilo, sai dai idan ledar ta faɗi wani awo daban, to a bi nata. Sai ruwa mai tsabta mililita 200, kusan cikin kofin shayi ɗaya, da abin da zai manna garin a jikin iri: ƙaro dakakke giram 20 zuwa 30, ko sukari babban cokali biyu. Ƙaro ya fi riƙewa. Sai babbar roba mai tsabta da buhu ko tabarma ta shanya. Hekta ɗaya takan ci iri kilo 50 zuwa 60, ke nan leda biyar ko shida masu giram 100.

Da farko a narkar da ƙaron a ruwan ɗumi, a bar shi ya huce sarai. Ruwan da ke da sauran zafi zai kashe ƙwayoyin nan take. Ruwan famfo mai warin kulorin ma haka. A yi amfani da na rijiya ko na burtsatse, ko a bar na famfon ya kwana a buɗe.

A zuba irin a roba, a yayyafa ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan ana juyawa da hannu har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Kada ruwa ya taru a gindin robar. Fatar waken suya ba ta da ƙwari. In ruwa ya yi yawa sai ta yamutse ta saɓule, irin kuma ya ƙi tsira. Daga nan a barbaɗa garin, a ci gaba da juyawa a hankali har irin ya yi duhu bai-ɗaya. Idan an ga baƙin gari ya taru a ƙasa, irin kuma fari tas, manni bai isa ba.

A baza a kan buhu a inuwa na kamar minti 20 zuwa 30 don ya sha iska. Duk aikin nan a inuwa ake yin sa, ƙarƙashin bishiya ko cikin zaure. A shuka a ranar, in da hali cikin 'yan awoyi. A gona a rufe robar da ƙyalle, kowane mai shuka ya ɗebi kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sari ramuka da yawa, a zuba iri, a bar su buɗe har a kai ƙarshen kunya kafin a dawo rufewa. Rana tana gama da su kafin nan. A zuba, a rufe.

A shuka bayan ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa sosai, zurfin santimita 2 zuwa 5. Binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, bai dace da irin da aka shafa wa rizobiya ba.

Maganin iri fa? Wasu magungunan da ake cakuɗa iri da su don kashe fumfuna suna cutar da rizobiya. Idan dole sai an sa, a fara sa maganin, a bar shi ya bushe, sannan a shafa rizobiya dab da shuka, kada a haɗa su a ruwa ɗaya. Haka kuma kada irin da aka shafa ya taɓa takin zamani kai tsaye, gishirin takin na ƙona ƙwayoyin.

Taki: supa ake nema

Manoma da yawa in sun ga wake ya ɗan yi rawaya sai su ɗauko yuriyar da ta rage daga masara. Abin da ke biyo baya sananne ne: ganye ya yi kore shar, ya yi yaɗo, fure ya yi jinkiri, 'ya'ya su yi kaɗan. Dalilin shi ne shuka ba ta ɓarnar sukarinta. In ta samu naitirojin a sauƙaƙe cikin ƙasa sai ta daina ciyar da rizobiya, ƙuraje su ƙi fitowa, waɗanda suka fito kuma su daina aiki. An biya kuɗi an kori mai yin aikin kyauta.

Abin da ake buƙata shi ne supa, wato takin zamani mai ɗauke da fosfaras. Buhu huɗu masu kilo 50 a hekta, wato kilo 200, awo ne da ya dace da yawancin gonakin da ba su saba samun fosfaras ba. Idan tazarar kunya santimita 75 ce, hekta na da tsawon layi kusan mita 13,300, ke nan giram 15 a kowace mita, kimanin murfin kwalbar lemo uku. A ja ɗan layi a gefen layin shuka, tazarar yatsu uku zuwa huɗu, a ɗan fi zurfin iri, a zuba a rufe. A sa shi ranar shuka ko lokacin huɗa. Supar da aka watsa a saman ƙasa bayan wata guda tana nan inda ta faɗi, saiwa ba ta same ta ba. Ga gyaɗa supa na da ƙarin amfani, don tana ɗauke da kalsiyam da salfa, kuma rashin kalsiyam na cikin abin da ke sa a fasa kwanson gyaɗa a tarar da shi fanko. Wanda ya samu takin fosfaras da ake kira TSP, wanda ya fi supa ƙarfi fiye da ninki biyu, kilo 80 zuwa 90 ya ishe shi.

Akwai dutsen fosfat da ake haƙowa a yankin Tawa da na Sakkwato. Garinsa na narkewa a hankali, ya fi aiki a ƙasa mai tsami da isasshen ruwa, kuma amfaninsa kan fi fitowa a shekara ta biyu.

A gonar da ta gaji ƙwarai, farin yashi zalla, shuka na iya shan wahala a makonni biyu zuwa uku na farko, bayan abincin cikin ƙwayar iri ya ƙare, ƙuraje kuma ba su fara aiki ba. A nan buhu ɗaya ko biyu na kamfa 15-15-15 a hekta lokacin shuka ba laifi, don buhu biyun naitirojin kilo 15 ne kacal. Takin gida da ya ruɓe ya fi, domin yana riƙe laima, yana kuma rage tsamin ƙasa. Tsami mai yawa, awon pH ƙasa da 5.5, yana hana rizobiya sakewa, kuma yana ɗaure wani sinadari, molibdinam, wanda aikin kamo naitirojin ba ya yiwuwa sai da shi. Toka na taimakawa wajen rage tsamin a ƙaramin fili. Babban fili sai farar ƙasa ta noma, bayan an auna tsamin ƙasar.

Yadda ake kiyaye fumfunar ƙasa

Ita maikoriza ba kasafai ake buƙatar sayenta ba. Tana nan a gona, abin da ake nema kada a kashe ta. Ba ta girma sai a jikin saiwa mai rai. In rani ya yi sai ta kwanta a matsayin ƙwayoyi da guntayen zare cikin tsofaffin saiwoyi har damina ta dawo.

Abubuwan da ke rage ta: kaftu mai zurfi da tarakta kowace shekara, wanda ke tsinka zaren, barin gona fayau babu ko ciyawa damina guda, ƙona sassabe a tsibi ɗaya mai zafi, kwanciyar ruwa na tsawon lokaci, da zuba fosfaras fiye da kima. Na ƙarshen yana ba mutane mamaki, amma hikimar ɗaya ce da ta yuriya: shuka da ta ƙoshi ba ta neman ɗan aike. Buhu huɗun da aka ambata ba su kai wannan haddi ba a ƙasa mai yunwa. Masu lambu da ke jibga taki kowane zagaye su ne abin ya shafa.

Gero, dawa, masara da albasa duk suna ɗaukar maikoriza, don haka wake bayan su yana tarar da zaren a shimfiɗe. Kabeji da danginsa ba sa hulɗa da ita, alayyafo ma kusan haka. Fadamar da aka yi shekaru ana kabeji ko shinkafar da ruwa ke kwanciya a kanta, in aka juya ta zuwa wake, ana iya ganin ya tashi da nawa. A lokacin girbi a yanke tushe daga sama a bar saiwa a ƙasa, in ban da gyaɗa da gurjiya da dole sai an cire.

Wanda ke son ya raya ta don lambu ko wurin renon itatuwa zai iya. A ɗebo ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya a gindin ciyawa da bishiyoyin da ba a noma wurin, a haɗa da yashi rabi da rabi a cikin buhu ko rami, a shuka dawa ko masara tare da wake a cike, a yi ta ban ruwa wata uku ba tare da takin zamani ba. Sai a daina ba da ruwa, a yanke saman, a bar shi ya bushe mako ɗaya ko biyu, a daddatse saiwoyin ƙanana a cakuɗa da ƙasar. Ana zuba tafin hannu ɗaya a ramin dashe, inda saiwa za ta taɓa shi. Haɗarin shi ne a kwaso irin wuta-wuta ko tsutsar saiwa tare da ƙasar, don haka kada a ɗebo daga wurin da aka taɓa ganin su.

Tunda an ambaci wuta-wuta: sinadarin da saiwa ke fitarwa don kiran maikoriza idan tana yunwar fosfaras, shi ne kuma ke tayar da irin wuta-wuta daga barci. Wannan na cikin dalilan da suka sa ta fi addabar gonar da ta gaji. Waken suya na sa irin wuta-wutar dawa ya tsira ya rasa abin kamawa ya mutu, shi ya sa juya shuka da shi ke rage ta. Wake kuwa yana da tasa wuta-wutar daban, kuma inda ta yi yawa sai a nemi irin da ke jure mata kamar SAMPEA 10.

Duba ko aikin ya yi

Bayan mako biyar zuwa shida, ko da an fara ganin fure, a zaɓi tushe biyar zuwa goma daga wurare daban-daban, ban da bakin gona. A haƙo da hauya tare da ƙasarsu. In aka fizge da hannu ƙurajen na tsinkewa su zauna a ƙasa, sai a zaci babu. A jiƙa a bokiti, a wanke a hankali.

A waken suya da aka shafa wa gari, ƙuraje manya kan taru a saman uwar saiwa, kusa da inda ƙwayar iri ta kwanta. Na gyaɗa ƙanana ne amma da yawa. Yawa kaɗai ba hujja ba ne. A raba guda biyar ko shida da reza ko farce a duba cikin. Ja ko ruwan hoda, kamar ɗanyen nama, shi ne mai aiki. Jan launin na wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, yana riƙe iskar oksijin don kada ta lalata aikin. Fari yana nufin ko ƙurjin bai nuna ba tukuna, ko rizobiyar da ta shiga ragguwa ce, tana ci ba ta biya. A sake dubawa bayan kwana goma. Kore ko ruwan ƙasa mai laushi ya tsufa ko ya mutu. In an ga haka lokacin da 'ya'ya suka cika ba komai, amma kafin fure alama ce ta ƙarancin ruwa, ko kwanciyar ruwa, ko yawan yuriya.

Kada a rikita ƙurji da kumburin tsutsar saiwa. Ƙurjin rizobiya a gefe yake maƙale, in ka murza shi da yatsa zai fita. Kumburin tsutsa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura ya karkace, ba ya ɓantaruwa sai ka karya saiwar.

Idan babu ƙuraje ko kaɗan a waken suya, ko garin ya mutu tun kafin shuka, ko rana ta kashe shi, ko ba nasa ba ne. Idan akwai su amma ƙanana, shukar ta tsugune, ganyen ya yi kore mai duhu-duhu, a zargi fosfaras. Ganye kore shar, ƙuraje kaɗan, akwai sauran naitirojin da yawa a ƙasa. Rawaya a kwari kawai, ruwa ne ya kwanta ya toshe iska, maganinsa kunya mai tudu da hanyar ruwa.

Hanya mafi arha ta sanin abin da gonarka ke nema ita ce a ware fegi huɗu, kowanne mita 10 sau 10, a jere: ɗaya babu komai, ɗaya rizobiya kawai, ɗaya supa kawai, ɗaya duka biyun. A fara shuka waɗanda ba a shafa wa gari ba, don kada hannu ya kai musu. A girbe kowanne daban a auna, a ninka sau 100 a samu na hekta.

Me ke ragewa ga masarar baɗi?

Kada a yi zaton wake ya cika gona da taki. Mafi yawan naitirojin da waken suya ya kamo yana tafiya cikin 'ya'yansa zuwa kasuwa. Wake da gyaɗa suna barin da yawa a ganye da kara, amma harawa kuɗi ce, ba mai barin ta a gona. In an kwashe 'ya'ya an kwashe harawa, abin da ya rage sai saiwa da ganyen da ya kaɗe. Duk da haka masara ko dawa bayan wake takan fi wadda ta biyo bayan 'yar'uwarta, saboda ragowar naitirojin, ragowar supa, da raguwar wuta-wuta da cututtuka. Ana iya rage mata yuriya, ba a daina ba.

Hanyar dawo da abin da harawa ta tafi da shi ita ce kashin dabbobin da suka ci ta. A tara shi a inuwa tare da shimfiɗar turken da ta sha fitsari, domin kaso mai yawa na naitirojin a fitsarin yake, a kai gona dab da damina a rufe da ƙasa.

A gonar haɗaka, wake da aka cusa ƙarƙashin doguwar dawa ba ya samun rana, in babu rana babu sukari, in babu sukari ƙuraje ba sa aiki. Tsarin da masu bincike na IITA a Kano suka yaɗa, layi biyu na hatsi sai layi huɗu na wake, yana buɗe wa waken haske, kuma yana ba da damar a kai yuriya layin hatsi kawai, supa kuma layin wake. Baɗi sai a sauya, hatsi ya hau inda wake ya tashi. Gawon da ke tsaye a tsakiyar gonar shi ma dangin wake ne mai ƙuraje a saiwa, ga shi yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa layukan da ke ƙarƙashinsa rana. In an zo huɗa a kewaye 'yan ƙananan da suka tsiro.